Tablon da Ya Ƙi Alli

Sallama gare ku, 'yan gidana masu bibiya. Na karanta sharhinku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na son Yazid in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, amma ban ce ba na so ba. Gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Laraba tukuna.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Sahura. 'Yar Dogon Kiriya ce ni, karatu ya kawo ni Dogon Dutsi, ina tarminal, ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Bara na zauna bak, jarrabawar fita, ta kayar da ni, kuma ba abin da ya ja ƙafata sai mat, wato lissafi. Babana ya ce ya ba ni bana kaɗai, in ba ta yi ba in tattaro kayana in koma gida. Ina zaune a wurin ƙanwarsa, Gwaggo Ladidi, wadda duk unguwarmu ta sani da awara. Yazid kuwa shi ne mai zuwa zance. Yana da butik na kayan gini a bakin kasuwa, siminti da kwano da fenti, ga ɗan gemu, ga wando iya ƙwauri. In ya zo, can ƙarshen tabarma yake zama yana yi wa yatsun ƙafarsa magana, ni kuma in riƙa amsawa a madadinsu. Ina son sa, ban taɓa ɓoye muku ba. Amma tun ranar farko na gaya masa bak ce a gaba, shi yana biye.

Abin da ya tsaya tsakanina da faɗuwa ta biyu shi ne ajin marece na Mushe Is'haƙa, malaminmu na mat. Mu antirenma muke ce masa. Kyauta yake yi, bayan la'asar, amma dokarsa ba wasa. Duk mako zai ba da duwar, wato aikin gida, kuma ba ya karɓar takarda ya tafi da ita. Ya ce ya gaji da gyaran amsa ɗaya da aji guda ya kwafo daga salula, har da kuskurenta. Sai dai kowa da ranarsa. Ka hau tablo, baƙin allon nan na bangon aji, ka riƙe alli, ka warware aikin a gaban jama'a, shi kuma yana bencin baya yana jefo maka “Pourquoi?”, wato “don me?”, a kan kowane layi. In ka yi kuskure ba laifi, za a gyara tare. Amma in ranarka ta zo ba ka nan, ko mene ne uzurinka, wurinka ya tafi. Kuma akwai masu jira, don benci bai isa ba, kullum taga cike take da waɗanda ke tsaye a waje da kaye, littafin rubutu, a hannu. Ni ma a tagar na fara, sai da wani ya yi sakaci na samu zama.

Laraba kuwa ranata ce. Tun makon jiya nake fama da aikin, wata fonksiyo mai logaritim, irin lissafin da za a bi ta har a zana ta. Na yi ta a kaye, na yi ta a bayan kwalin sukari, na yi ta a ƙasa da tsinke ina layin niƙan waken suya. Na san ta ciki da waje, kuma na kwana na tashi da ɗokin in nuna wa ajin nan wace ce Sahura.

Ina aji da safe saƙon Yazid ya shigo.

“Assalamu alaikum. Yau akwai abin mamaki. Za ni zo bayan azahar in sha Allah.”

Na saci ido na mayar masa: “Wa alaikumus salam. Kar ka daɗe, yau ni ka hawa tablo.”

Ya turo mini fuska mai murmushi har guda biyu. Yazid da ko ɗaya sai da dalili, ai da na san akwai magana.

Ya kamata in gaya muku tun Lahadi aka rataya tsohuwar tabarma a bangon zaurenmu, gidan kuma ya cika da warin fenti. Na tambaya, Gwaggo ta ce tsaga ake gyarawa kafin damina. Ban kawo komai ba. Zauren nan shi ne rayuwar gidanmu, a bakinsa take kafa murhu da kasko duk marece, a nan yara da masu kabu-kabu suke layin awara.

Na dawo da azahar na iske ta zaune a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, ta danne awara da dutse tana jiran ruwa ya tsane. Ta ɗaura sabon kallabi, abin da ba ta yi sai in baƙo zai zo.

“Aje jakka ki zamna, magana za mu yi.”

“Gwaggo, bari in ci abinci in watsa ruwa, yau ranata ta.”

“Ranat taki nika so mu yi magana kai.” Ta gyara zane ba ta dube ni ba. “Yazid ya ce bai son hitag ga taki ta marece. Ɗiya mace tsaye gaban maza, ta ba su baya, hannu sama, suna kallo. Ya ce zuciyatai ba ta ɗauka. Shi yas sa yay yi miki naki tablo nan cikin zaure. Daga yau an gama zuwa lakkwal da marece.”

Jama'a, wuta ce ta tashi mini tun daga ƙafa har ƙeya. Yazid? Mutumin da ko goro bai kai wa babana ba, shi ne har ya fara kafa mini doka? Kuma bai iya duban idona ya faɗa ba, sai ya bi ta bayan gida? Na shiga ɗaki na rubuta masa saƙo mai tsawon da zai isa duwar ɗin filo, darasin falsafa, na karanta, na goge. Irin wannan magana baki da baki ta fi daɗi.

Na yi wanka, na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda nake ajiyewa don ranar hawa tablo, na ɗora hijabi ruwan toka, na zizara kwalli. Na duba madubi na ce wa kaina, Sahura, yau ko a gyara ko a ɓata.

Sai ga sallamarsa. Na fito na same shi a zaure cikin farar jallabiya mai guga, turare na tashi, riƙe da sabon kwalin alli mai launi-launi. Fara'ar da ke fuskarsa ta ɗan rikita ni, don mai kafa doka ba haka yake zuwa ba. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sannan ya miƙe ya kama gefen tabarma.

“Bismillah,” in ji shi, ya janye.

Wallahi ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Baƙi wuluk, faɗinsa ya kusa cinye bangon, an zagaye shi da koren layi, har da ɗan katako a ƙasa na ajiye alli. Sai sheƙi yake yi. Na matsa kusa na ga fuskata a ciki, har da kwallin idona. Nan take wani zato ya zo mini, na danne dariya.

“Hwantin mai na, na waje,” in ji Yazid yana shafa shi da tafin hannu. “Wanda nika ɓoye ma manyan masu saye. Sai da anka shahe shi, ya bushe, anka ƙara, ya bushe, anka ƙara. Taɓa ki ji, ko tangaran bai kai shi santsi ba.”

“Na gani. Miƙo allin.”

Ya ajiye kwalin a kan katako, don Yazid ba ya miƙa mini abu hannu da hannu. Na zaro fari, na ɗaga hannu, na ja layi.

Ƙiiii. Alli ya zame ya wuce, bai bar ko ɗigo ba.

Na sake dannawa da ƙarfi, ya karye biyu. Na ɗauki ja, na ɗauki shuɗi, duk ɗaya. Tablo na nan baƙi ƙirin yana mayar mini da fuskata.

“Jiƙa shi da miyau,” in ji Gwaggo daga bakin ƙofa.

“Gwaggo, ko cikin randa na tsoma shi ba ya kamawa.”

Yazid ya karɓi aikin da kansa. Ya rubuta, ya hura, ya goge da hannun riga, ya sake rubutawa. Na ga zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. Ya juya kwalin yana neman inda aka cuce shi.

“Allin ga jabu na,” in ji shi.

“Allin lahiya lau shike. Tablon ka na yay yi kyau da yawa.”

“Ƙaƙa abu za shi yi kyau da yawa? Mu allonmu na makaranta goge shi mukai sai ya yi sumul, sannan tawada ta zamna.”

Sai a lokacin na gane. Yazid bai taɓa zama a bencin lakkwal ba, bai yi boko ba. Karatunsa na allo ne da na littattafai, kuma ya yi nisa ƙwarai, amma bai taɓa riƙe alli ba sai yau. Shi a saninsa abin rubutu mai daraja santsi gare shi, sai ya ɗauko mafi tsadar abin da ke butik ɗinsa ya zuba mini.

“Wancan allo na, wanga tablo,” na ce masa. “Kaushi shika so. Siminti mai kaushi, a hwasa tsohon batir a kwashe baƙin, a dama da ƙaro a shahe. Shi ke nan. Kowane ɗan sizyem, sabon shiga sakandare, ya san haka. Da ka tambaye ni da ba ka yi asarar hwantinka ba.”

“Na tambayi Gwaggo. Ai ba ya kyautuwa in tsallake babba in zaka wurinki kai tsaye.”

“To, madalla da ladabi. Shi yas sa kuma ka aiko ta ta hwaɗa min ba ka son in tsaya gaban maza? Kai ba ka da baki?”

A karo na farko tun da muka san juna, Yazid ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

“Ni? Yaushe nac ce haka?”

“Ba kai kac ce daga yau an gama zuwa antirenma ba?”

“Subhanallah. Sahura, Gwaggo ta tac ce min kin gaji da tahiya cikin rana, kullum kina kuka da ƙahwa, kin ce da za ki samu tablo gida da kin huta. Ni kau nac ce wanga ai abu mai sauƙi na.”

Mu biyu muka juya a tare. Gwaggo Ladidi na tsaye da mataci a hannu, ko gezau ba ta yi ba. Wanda ya san gwaggona ya san ba a kama ta da kunya. Ta ja kujerar tsuguno ta zauna, ta miƙe ƙafa.

“To, ni na hwaɗa. Na hwaɗa mishi wancan, na hwaɗa miki wanga. Sai ku kai ni jandarma.”

“Gwaggo, don mi?”

“Don mi? Diba idona.” Ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa. Ja wur, yana ruwa. “Tun da anka kai Mariama ɗakinta can garin Kiyeshe, wa nika da shi? Likita ya ce hayaƙi na ka cin idon ga, in ban bari ba sai an riƙa min sanda. Ni ka hura wuta, ni ka suya, ni ka zuba ma mai saye, ni ka korar awaki. Marece shi na kasuwata, marecen kuma shi kika ɗauka ki kai ma Mushe. Nac ce ga tablo, ga kasko, taku biyu tsakani. Ki yi rubutunki, ki juyo ki iza wuta. Mi ya ɓaci?”

Ta share ido da bakin kallabi ta ƙara da cewa, “Tun kina sagwand, hwarkon shigarki lise, kike cin tuwon gidan ga. Na taɓa ce miki kawo?”

Ba ta taɓa ba. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini zafi. Mariama 'yarta ce tilo, kuma tun da aka yi bikinta na ga yadda aikin ya dawo kan tsohuwar nan, na gani sarai na kau da kai don ina da duwar. Ita ta saya mini atamfar da ke jikina. Ran da sakamakon bara ya fito ba sunana, a cinyarta na yi kuka. Fushina duk ya zube, tausayinta ya kama ni.

Na durƙusa a gabanta. “Gwaggo, jiƙo da niƙa da tata duk ni ka yi, kuma ni za ni ci gaba. Hwaskaren icce ma na ɗauka. Ranakkun da babu antirenma ko kusa da wuta kar ki zo. Amma tablo ba shi na karatun ba, malamin na. Ko wanga ya kama alli, wa za shi ce min na yi kuskure? Kuma yau in ban je ba an ba wani wurina, ba a maidawa.”

“Sai a ba shi. Bara da kika zuwa kullum mi kis samo?”

Ta san inda za ta taɓa. Na juya wurin Yazid, wanda ya maƙale a jikin bango da guntun alli a hannu.

“Kai kuma hwaɗa min gaskiya gaban Gwaggo. Tsayuwata gaban maza ba ta dame ka?”

Ya koma kallon yatsunsa. “Tana damuna,” in ji shi. “Ba ni yi miki ƙarya. Amma ban ce ki bari ba, kuma ba ni cewa. Da karatunki nis same ki.”

Ku ji fa. Na zo da shirin yaƙi, mutum ya kwance mini ɗamara da magana biyu. Sai ga kiran la'asar. Ya ajiye allin ya fita masallaci, kunya ta hana shi ko sallama mai kyau.

Na yi salla na ɗauki jakata. Gwaggo ta riga ta fito da murhu bakin zaure, ta tsuguna tana jera itace. Ba ta ɗago ba.

“In kin ƙetare zauren ga, Yaya Usman nika kira shi zo shi ɗauki ɗiyatai. Ban iya riƙon wadda ta hi ƙarhina.”

Usman babana ne. Kun san abin da hakan ke nufi. Ba ni da kowa a Dogon Dutsi sai ita, kuma in babu masauki babu lise. In na zauna na rasa aji, in na fita na rasa gida. Na tsaya da ƙafa ɗaya a dokin ƙofa. Sai na yi lissafi irin nawa: Gwaggo ana iya roƙon ta gobe, Mushe Is'haƙa ba a roƙon sa ko yau.

“Ki yahe min, Gwaggo. Za ni.”

Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya na ga idon nan na zauna. A bakin titi na tare kabu-kabu na ce ya taka.

Na iske aji ya cika, taga ta cika. Wata Samira, 'yar ajinmu da ta daɗe tana tsayuwar waje, har ta sa ƙafa ɗaya a cikin ƙofa tana kallon wurina. Ban ga laifinta ba, ni ma haka na yi a lokacina. Mushe Is'haƙa na zaune a baya da gilashinsa a kan hanci.

“Mademoiselle Sahura. Mun ɗauka kin yi sadaka da bencinki.”

“A'a Mushe, ina so nai.”

“Au tableau.” Wato in hau tablo.

Na ajiye jaka, na naɗe hijabi a kafaɗa, na ɗauki guntun alli. Tsohon tablon ajinmu duk ya yi furfura, ga rami a tsakiya, ga wurin da siminti ya ɓare. Na ja layin farko ya fito fari tas, na ji daɗi har cikin raina.

Na fara. Layi ɗaya, “Pourquoi?” Na amsa. Layi na biyu, “Pourquoi?” Na amsa ban ko juyo ba. Na manta da maza, na manta da taga, na ma manta da Gwaggo na ɗan lokaci. Sai da na zo zane na ga abu ya ƙi. Layin da ya kamata ya hau sama sai gangarowa yake yi. Wani daga baya ya fara ƙus-ƙus, na ji ana cewa ta shiga rami. Mushe bai ce komai ba, kuma shirunsa ya fi tambayarsa ban tsoro.

Na ja da baya na bi aikina da ido tun daga sama. Ga ta nan a layi na huɗu, alamar ragi ce na yar a hanya. Na goge da gefen hannu, na gyara, na bi ta har ƙasa, zane ya miƙe ya hau inda ya dace.

“Wa ya nuna miki?” in ji Mushe.

“Zanen na, Mushe. Ya yi abin da bai kamata ba.”

Ya cire gilashi ya dubi ajin. “Kun ji? Wanga shi na dalilin da nika sa ku hawa nan. Ran bak babu mai nuna muku.” Sannan ya dube ni. “Bien. Zamna.”

Wanda bai san Mushe Is'haƙa ba zai ce wannan guntun “da kyau” ɗin ba yabo ba ne. Mu da muka san shi mun san ya yi kyauta mai yawa. Na koma bencina hannuna fari fat, kaina a sama, Samira kuma ta janye ƙafarta ta koma taga.

Amma da aka tashi, duk jarumtar ta tsaya a ƙofar lise. A ƙafa na dawo don in ja lokaci. Ina tafe ina ganin jakar kayana a bakin zaure, ina ganin motar Dogon Kiriya, ina jin muryar babana yana cewa ai na gaya miki. Ina kuma ganin Gwaggo ita kaɗai cikin hayaƙi, wannan ya fi komai damuna. Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ina karyo kwanar layinmu na hango taro a ƙofar gida, ya fi na kullum nesa ba kusa ba. Yara, matan maƙwabta a bakin ƙofofi suna rufe baki da mayafi, masu kabu-kabu sun kashe mashin suna dariya. A tsallaken titi kuma ga samarin fadar su Yazid, abokan shan shayinsa, sun taso gaba ɗaya sun jeru, ɗaya har ya ɗaga salula. Na ce shi ke nan, mai ya zubo mata. Na kutsa da gudu.

Gwaggo na zaune lafiya lau a kan tabarma, nesa da hayaƙi, tana zuba wa masu saye awara da yaji. A bakin murhu kuwa, kan 'yar kujerar tsuguno ta mata, gwiwoyi har kunne, Yazid ne. Ya naɗe hannun jallabiya, farar ta koma kalar toka, mai ya yi mata ɗige-ɗige. Mafici a hannun hagu, matsami a dama, idanu jajur, hawaye har cikin gemu.

“Juya ta, ɗan nan, ƙuna takai!” in ji Gwaggo. “Kai, wanga hannu sai dai ƙirgan buhu.”

A garin nan namiji mai gemu, mai butik, mai sahun gaba a masallaci, ya zauna bakin kaskon mata a kan titi, kun san ba ƙaramin abu ba ne. Kafin magariba labarin zai kai kasuwa. Daga tsallake wani ya ɗaga murya, “Malam Yazidu, a zuba muna ta ɗari, a sa yaji!” Aka kwashe da dariya. Bai ko waiga ba.

“Mi kakai nan?” na tambaye shi.

“Na komo daga masallaci in ba ta haƙuri, nis same ta duƙe tana hura wuta, ba ta ko ganin ashana. Ƙaƙa za ni wuce?” Ya share ido da kafaɗa. “Ya tablon?”

“Na ci.”

“Alhamdulillahi.”

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi allin da ke hannuna. “Na kira Yaya Usman tun kina hita,” in ji ta. “Ran Juma'a za shi shigo motar kasuwa. Ni ba ni maida magana, sai ki shirya abin da za ki ce mishi.” Ta tura mini faranti da awara uku a kai, biyu sun ƙone. “Ci, ba ki ci komi ba tun rana.”

Na karɓa na durƙusa kusa da ita. Juma'a ba ta ba ni tsoro kamar ɗazu ba. Wadda ta tsaya gaban Mushe Is'haƙa ta amsa masa layi bayan layi, za ta iya tsayawa gaban babanta.

Yazid ya kwashe kasko na ƙarshe, ya yi tari, ya dube ni ta cikin hayaƙi.

“Antirenman ga, yau kaɗai na?”

“Sau uku a mako.”

“Har yaushe?”

“Har a yi bak. Watan shida.”

Ya ɗaga kai ya dubi abokansa a tsallaken titi, har yanzu suna riƙe ciki. Ya dubi jallabiyarsa. Na tabbata zai ce yau ɗin ma ya isa, kuma wallahi da ban ga laifinsa ba.

Sai ya juya wurin Gwaggo ya ce, “To Gwaggo, a samo min kujera mai ɗan tsawo. Wagga tana kashe min gwiwa.”